Daga Sanɗa Zuwa Saiti: Maharbin Kabi da Matsalar Tazara

A Gidan Nabame da ke Argungu, inda aka adana kayan tarihin Kanta, akwai kwari da baka, da māsu, da bindigogin toka. Dukkansu makaman kusa ne. Da ire-irensu aka ci Birnin Kebbi a 1805, da su kuma Yakubu Nabame ya ɗaga tutar Kabawa a 1849, aka shafe rabin ƙarni ana ɗauki ba daɗi da Gwandu.

Maharbin wancan zamani da ƙafa yake warware matsalar tazara. Cikin bututun bindigar toka sumul yake, harsashinta yakan bauɗe bayan 'yan taku kaɗan. Saboda haka sai ya bi iska, ya yi sanɗa cikin ciyawar fadamar Rima har ya ga ƙiftawar idon gada, sannan ya ja kunama.

Ranar 15 ga Maris 1903, a filin Giginya na Sakkwato, lissafin ya sauya. Sojojin Turawan Ingila sun zo da bindigogi masu tsagi a murɗe cikin bututu, wanda ke juya harsashi ya tafi sak, suna kayar da mahayi tun bai kai inda kibiya ke tasiri ba. Daga baya irin wannan bindiga ta shiga hannun mafarauta, aka kuma ɗora mata madubin saiti.

Sai dai madubin ya zo da tasa tambayar. Ido yana gani a miƙe, harsashi kuwa faɗuwa yake yi tun daga bakin bindiga: kusan santimita 5 a kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa, kusan 20 idan lokacin ya ninka. Don haka ake karkata madubin yadda hanyar harsashi za ta haɗu da layin gani a wata tazara da maharbi ya zaɓa. Wannan zaɓi shi ne saiti.

Wanda ya saita bindigar .308 a mita 100, harsashinsa zai sauka kimanin faɗin tafin hannu a mita 200. Wanda ya saita a mita 200, harsashin zai haura da kamar yatsu uku a rabin hanya. Na biyun ya dace da fili fetal. A fadamar Argungu kuwa, inda ciyawa ke tare gani, gajeren saiti ya fi amfani, domin harsashin da ya tsallake dabba bai tsaya ba, kuma bayan ciyawar akwai masunta da manoman shinkafa.

Ƙa'idar da maharbin Kabi ya yi aiki da ita tana nan: a san ƙasar da ake farauta, a san iyakar makami, kada a harba abin da ya wuce ta.