Takarda kafin ƙwallo: Yadda ake tantance yara a gasar besbol ta Little League

Duk watan Agusta, garin South Williamsport da ke jihar Pennsylvania a Amurka yakan karɓi baƙuncin Little League World Series, gasar wasan besbol ta yara 'yan shekara 10 zuwa 12 da ake nunawa kai tsaye a talabijin. Tun daga 2022 ƙungiyoyi 20 ne ke fafatawa, goma daga Amurka, goma daga sauran sassan duniya. Sai dai kafin yaro ya riƙe sandar bugu a wannan fili, dole ne tarin takardu su yi masa shaida. Manya ne ke cike takardun, amma tarihin gasar ya nuna cewa idan aka samu tangarɗa, yara ne ke rasa kofi.

Mafarin dokokin

Wani mutum mai suna Carl Stotz ne ya kafa Little League a Williamsport a 1939, aka kuma fara gasar a 1947. An gina tsarin ne a kan unguwa: kowace ƙaramar ƙungiya tana da iyakar yankinta, daga cikinsa take zaɓen gwanayen da za su wakilce ta. Manufar ita ce yaran unguwa su kara da yaran wata unguwa, a hana wani ya tattaro zaratan 'yan wasa daga ko'ina ya kira su ƙungiya guda. Saboda haka tambayoyi biyu ne ginshiƙin tantancewa: shekarun yaro nawa, kuma a ina yake zaune?

Takardun da ake nema

Ta fuskar shekaru, ana neman takardar haihuwa ta asali wadda hukuma ta bayar. Tun daga 2018 ranar 31 ga Agusta ce ma'auni, wato shekarun da yaro yake da su a wannan rana su ne shekarunsa na gasa. An yi haka ne don kada ɗan shekara 13 ya taka leda a gasar 'yan 12.

Ta fuskar mazauni, iyaye sukan gabatar da takardu uku daga rukuni daban-daban masu ɗauke da adireshinsu, kamar lasisin tuƙi, takardar kuɗin wuta ko ruwa, da wata takardar hukuma. Tun daga 2014 kuma ana karɓar shaidar cewa makarantar yaron tana cikin yankin ƙungiyar. Ana haɗa waɗannan da taswirar iyakar yankin da takardar rantsuwa mai sunayen 'yan wasa, shugaban ƙungiya da jami'in gunduma su sa hannu. Wannan kundi yana bin ƙungiyar duk inda ta je.

Akwai kuma ƙa'idojin da ake lissafawa a fili. Tun 2007 ake ƙirga jifan kowane yaro domin kare hannunsa: ɗan shekara 11 ko 12 ba ya wuce jifa 85 a rana, wanda ya kai 66 kuma sai ya huta kwana huɗu kafin ya sake jifa. Idan aka kai ƙara kan ɗan wasan da bai cancanta ba, kwamitin gasa da ke Williamsport ne ke da ta cewa ta ƙarshe, kuma yana iya soke nasara.

Kofunan da aka ƙwace

A 1992 ƙungiyar birnin Zamboanga ta ƙasar Filifins ta lallasa Long Beach ta jihar Kalifoniya da ci 15 da 4 a wasan ƙarshe. Ba a jima ba jaridar Philippine Daily Inquirer ta fara wallafa rahotannin da suka sa shakku kan 'yan wasan. Bincike ya tabbatar da cewa takwas daga cikinsu an ɗebo su ne daga wajen yankin ƙungiyar, sai aka karɓe kofin aka miƙa wa Long Beach.

A 2001 wani yaro mai jifa da hagu, Danny Almonte na ƙungiyar unguwar Bronx a birnin New York, ya yi wasan da ko mutum ɗaya na abokan karawa bai kai tudun farko ba, abin da rabon a gani a gasar tun 1979. Ƙungiyarsa ta zo ta uku. Daga bisani mujallar Sports Illustrated ta gano rajistar haihuwa a Jamhuriyar Dominika da ke nuna an haife shi a 1987, saɓanin 1989 da aka gabatar, wato shekararsa 14. An soke dukkan nasarorin ƙungiyar, aka haramta wa mahaifinsa da wanda ya kafa ƙungiyar shiga harkokin Little League har abada. Hukumar ba ta ɗora wa yaron laifi ba, amma sunansa ne ya zama lakanin badaƙalar har yau.

Ta uku ta fi tayar da ƙura a siyasance. A 2014 ƙungiyar Jackie Robinson West daga kudancin Chicago, wadda dukkan 'yan wasanta baƙaƙen fata ne, ta zama zakarar Amurka kafin ta sha kashi a hannun Koriya ta Kudu a wasan ƙarshe. Shugaba Barack Obama ya karɓi yaran a Fadar White House. A Fabrairun 2015 aka ƙwace kambin, bayan an gano cewa an faɗaɗa taswirar yankin ba bisa ƙa'ida ba domin shigo da yaran da ke zaune a waje. An dakatar da kocin, aka sauke jami'in gunduma, kambin ya koma ga ƙungiyar Las Vegas. Ɗan gwagwarmaya Jesse Jackson da wasu iyaye sun yi zargin cewa launin fata ya taka rawa a tsananin hukuncin, hukumar kuwa ta tsaya a kan cewa doka ta bi.

A biyun farko, 'yan jarida ne suka bankaɗo lamarin bayan takardun sun riga sun tsallake kowane mataki na tantancewa. Wannan ya nuna raunin tsarin: masu aikin sa kai ne ke duba kundin, kuma galibi suna dogaro da amanar waɗanda suka sa hannu.

Darasin Uganda

Matsalar takarda ba kullum take nufin maguɗi ba. A 2011 wata ƙungiya daga Kampala ta lashe gasar yankinta da aka yi a ƙasar Poland, ta samu gurbin da zai sa ta zama ta farko daga Afirka a Williamsport. Amma Amurka ta hana yaran biza saboda saɓanin da aka samu a ranakun haihuwarsu, sai ƙungiyar Dhahran ta Saudiyya ta maye gurbinsu. Sharaɗin takardar haihuwa ta asali yana da sauƙin cikawa a inda ake rajistar kowane jariri tun a asibiti. A inda yara da yawa ke tashi ba rajista, ana neman takardar ne daga baya, kuma kuskure kan shiga ko da babu mugun nufi. Shekara guda bayan haka, a 2012, ƙungiyar garin Lugazi ta cika sharuɗɗan, ta zama ta farko daga Afirka da ta buga gasar, Uganda ta sake komawa a 2015.

Inda muhawarar ta tsaya

A ƙwallon ƙafa, FIFA ta koma ga hoton MRI na wuyan hannu domin auna shekaru tun gasar 'yan ƙasa da 17 da Najeriya ta karɓi baƙunci a 2009. Little League kuwa har yanzu takarda ce hujjarta. Masu goyon bayan tsaurara hukunci suna cewa duk yaron da aka shigo da shi ta bayan fage ya tare gurbin wani yaron unguwa, ya kuma zalunci ƙungiyoyin da aka fitar a hanya. Masu suka kuma suna tambayar dalilin da zai sa a goge nasarar yara goma sha biyu saboda sa hannun da ba su ne suka yi ba. Dokar dai ba ta sauya a kan wannan ba: idan takarda ta rushe, sakamakon ƙungiyar baki ɗaya ne ke rushewa.