Daga lefen kaba zuwa saitin akwati: tarihin kayan aure a ƙasar Daura

Yau daga gida Kongolam nake magana, kuma zancen aure za mu yi.

Mu mutanen Daura, labarin kafuwarmu ma da aure ya fara. A labarin baka, Bayajidda ya kashe macijiya a rijiyar Kusugu, ya auri Daurama, ta haifi Bawo, daga nan aka samu Hausa Bakwai. To yau ga mu a ƙasar da aka yi wannan aure, saurayi ya kai talatin yana jiran ya haɗa lefe, uban yarinya kuma ya sayar da gona don kayan ɗaki. Ka yi magana a ce maka al'ada ce. Shi ya sa na ce bari mu bi sawun al'adar nan mu ga daga ina ta taso.

Ita kalmar lefe, asalinta sunan wani ɗan kwando ne da ake saƙawa da kaba. A cikinsa dangin ango ke zuba zanen saƙi, da kallabi, da kwalli, da tsakiya, su kai gidan amarya. Audugar daga gona take, mata su kaɗa zare, masaƙa su saƙa, marina su rina. Jeren ɗaki kuwa ƙorai ne da faifai da tasoshi. Kuɗin ma wuri ne, har sai da Turawa suka zo da sulalla bayan 1903.

Da kayan kanti suka shigo, sai kwalla ta ture lefen kaba, fantimoti ya ture kwalla, akwatin ƙarfe ya biyo baya, yau kuma saiti ake yi, har da ƙaramin kit. Atamfa da leshi suka maye gurbin saƙi, kwanukan samira suka kori ƙorai, kabet da kujeru suka kori samira. Kun ga ke nan kowane zamani da abin da ya ƙara, sunan ne kawai bai canza ba.

Abin da ya wajaba kuwa yana nan yadda yake: waliyyi, shaidu, siga da sadaki. A mazhabar Malikiyya mafi ƙarancin sadaki rubu'in dinari ne, wato zinari giram ɗaya da ɗan ɗoriya. Sauran, su kuɗin na-gani-ina-so, gaisuwar iyaye, kamu, sa lalle, sayen baki, buɗar kai da gara, mu muka tsara abinmu. Kuma a da nauyin dangi ne gaba ɗaya. Kawu ya kawo dami, gwaggo ta kawo zane, mata su yi biki, wadda kika kai wa bara ta rama miki bana da ƙari.

Mu na bakin iyaka abin ya fi taɓa mu. Ingila da Faransa sun shata iyaka tsakanin 1906 da 1908, amma ba su raba zumunci ba. Har gobe ana ɗauko amarya daga Matamaye ko Damagaram, a biyo ta Ɗan Barto a kawo ta nan. Sai dai tunda kayan lefe suka koma na waje, farashinsu ya rataya a kan canjin sefa da naira. Mun gani da aka rufe iyaka a watan Agustan 2019, mun sake gani bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023. Kakanninmu da ke saƙa nasu ba su san wannan fargabar ba.

Ni ba na cikin masu cewa a soke lefe. Mace ta cancanci sutura da mutunci, kuma in aka soke lefe aka bar wa ubanta kayan ɗaki da gara, an yi rashin adalci. Abin da nake cewa shi ne, tunda mutane ne suka ƙara, mutane na iya ragewa, daga ɓangarorin biyu. Iyayenmu mata, ku ke buɗe akwati ku ƙirga, gyaran yana hannunku. 'Yan uwana matasa, mu ma mu daina gasar dina da hotuna.

Ku tambayi kakanninku mata abin da aka zuba musu a lefe, ku rubuto mana a ƙasa. Sai mun haɗu a shiri na gaba. Allah ya ba marasa aure abokan zama na gari.