Iyakar da Ke Tsakiyar Teku

Wannan makon teku za mu leƙa. Mu da muka tashi nesa da gaɓa mukan ɗauka ruwan teku duk ɗaya ne. Ba haka ba ne. Akwai wuraren da ruwa mai ɗumi ke haɗuwa da mai sanyi, kowanne ya ƙi narkewa cikin ɗan'uwansa, har layi ya fito tsakaninsu. Bari mu kira layin nan iyakar ruwa. Kifi na taruwa a wurin, shi ya sa masunta suka riga masana saninsa.

Wajen 1769, Benjamin Franklin, mai kula da gidan waya a yankunan Ingila na Amurka, ya rasa dalilin da jiragen wasiƙa daga Ingila ke makarar kusan mako biyu fiye da na 'yan kasuwa. Ɗan'uwansa Timothy Folger, matuƙin jirgin farautar kifin whale daga Nantucket, ya warware masa: jiragen wasiƙa suna tunkarar igiyar ɗumi ta Gulf Stream ne gaba da gaba. Folger ya zana hanyarta, aka buga taswira, matuƙan Ingila suka yi kunnen uwar shegu da ita. Franklin kuwa, in yana ƙetare tekun, sai ya riƙa tsoma ma'aunin zafi yana neman gefen igiyar.

Sai da aka yi kusan shekara ɗari biyu kafin a hango iyakar daga sama. A 1978 aka harba tauraron TIROS-N ɗauke da na'urar AVHRR mai auna zafin fatar teku. Hotuna suka yi yawa, idon mutum ya gaza. A 1992 Cayula da Cornillon na Jami'ar Rhode Island suka koya wa kwamfuta aikin: ta yanka hoto gida-gida, ta duba ko zafin kowane gida ya rabu kashi biyu, sanyi a gefe, ɗumi a gefe. In ya rabu, to ga iyaka nan.

Wahalar tana gaba. Na'urar ba ta gani ta cikin gajimare, kuma bakin gajimare kan yi kama da iyaka, kwamfuta ta zana layin ƙarya. Da dutsen Pinatubo ya yi aman wuta a 1991, hayaƙinsa ya sa teku ya nuna sanyin da babu shi. Taurarin ma suna tsufa, a canza wani da wani.

A ganinmu nan ne nauyin yake. Masana yanayi sai sun tara shekara 30 kafin su ce ga yadda wuri ya saba, ma'aunin da ake dogaro da shi kuwa daga 1981 ya fara. Duk wanda zai ce iyakar Gulf Stream ta gusa arewa saboda ɗumamar duniya, dole ya fara nuna cewa ruwan ne ya gusa, ba na'urar ce ta sauya ba.