Ƙidayar Jama'a, da Haraji, da Ƙuri'a a Nijeriya ta Arewa

Tun kafin zuwan Turawa sarakunan ƙasar Hausa suna karɓar kuɗin ƙasa, da zakka, da jangali, da kuɗin karofi daga marina. Amma ba su damu da sanin adadin mutane ɗaya bayan ɗaya ba. Hakimi ya san abin da gari kaza ya saba kawowa, dagaci kuwa ya san gidajen da zai bi ya tattaro. In abin ya cika, shi ke nan.

Da Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, sai suka tarar ba su da kuɗin da za su riƙe ƙasa mai faɗi haka. Gwamna Lugga ya kafa dokar haraji a 1906, aka yi ta haɗa kuɗaɗen nan iri iri har suka koma haraji guda, aka bar jangali daban. To, ba a yanka wa gari haraji sai an san yawan mazan da ke cikinsa. Daga nan ƙidaya ta samo asali a Arewa. Kowace shekara malaman haraji su kan bi ƙauyuka, su zauna a ƙofar gidan dagaci, masu unguwa suna faɗin sunaye suna rubutawa. A ƙasar Kano har gonaki aka auna da ƙafa, shi ya sa ake kiran masu aikin malaman taki. Kuɗin da aka tara, da farko rabawa ake yi biyu, rabi na Gwamnati, rabi na En'e. Rabon En'e ya kan shiga Baitulmali, wanda wani Bature mai suna Palmer ya fara gwadawa a Katsina zamanin Sarki Muhammadu Dikko, daga baya ya bazu ko'ina. Daga ciki Ma'aji ke biyan albashin sarki, da hakimai, da alƙalai, da dogarai, abin da ya rage a yi hanya ko a gina asibiti.

Ka ga ke nan, a idon talaka na wancan zamani, a rubuta sunanka a takarda ma'anarsa a biyo ka bashi. Saboda haka kowa ya koyi ɓoyo. Saurayi da gemu ya fara tsiro masa sai a ce yaro ne, bai isa haraji ba. Bafillace kuwa, da ya ji ƙishin-ƙishin masu jangali na tafe, sai ya raba garkensa, rabi ya ƙetare rafi zuwa ƙasar wani hakimi. Ga kuma abin da ba ruwansa da kuɗi. Malamin ƙidaya namiji ba ya wuce zaure, abin da mai gida ya faɗa masa game da matan kulle shi zai rubuta, kuma mutanenmu ba su son lissafa 'ya'yansu a bainar jama'a, balle ɗan fari da ake jin kunyar ambatonsa. Wannan tsoro ba a Arewa kaɗai yake ba. A 1929 matan ƙasar Aba suka tayar da babbar tarzoma don sun ga ana ƙirga mata da awaki, suka ce haraji za a ɗora musu.

Ƙidayar 1911, da ta 1921, da ta 1931, galibi daga takardun harajin nan aka tsamo su. Ta 1941 ba a yi ba, yaƙin duniya ya hana. Ƙidaya ta sosai ta farko ita ce wadda aka yi daga 1952 zuwa 1953. Ta ce mutanen Nijeriya sun ɗara miliyan 30 kaɗan: Jihar Arewa miliyan 16.8, Gabas miliyan 7.2, Yamma miliyan 6.1. Birnin Kano da kewayensa aka ba shi wajen mutum 130,000. Masana da yawa sun ce adadin nan ya gaza gaskiya a ko'ina, gama har a lokacin jama'a ba su daina gudun mai takarda ba.

Amma kafin a gama wannan aiki ƙidaya ta riga ta sake ma'ana. A taron Ibadan na 1950 wakilan Arewa suka tsaya kai da fata a kan sai an ba su rabin kujerun majalisar Ikko, tun da su ne fiye da rabin mutanen ƙasa. Aka ba su 68 cikin 136. Da zaɓen Disamba 1959 ya zo, aka raba kujeru 312 bisa ƙidayar 1952: Arewa 174, Gabas 73, Yamma 62, Ikko 3. Watau yawan kai ya zama yawan kujera, yawan kujera kuwa shi ne mulki. Haka kuma wajen kuɗi. Kwamitin Raisman na 1958 ya kafa wani asusu na tarayya da ake raba wa jihohi, Arewa ta sami kashi 40 cikin 100, Gabas 31, Yamma 24, Kamaru ta Kudu 5, kuma yawan jama'a yana cikin abubuwan da aka duba.

Ga wani abu da ya kamata mai karatu ya lura da shi. Kujerun nan 174 an yanka su ne da lissafin maza da mata duka, amma a ranar zaɓe maza kaɗai suka jefa ƙuri'a a Arewa, alhali a Kudu mata sun jefa. Mace tana cikin ƙidaya, ba ta cikin rajistar zaɓe. Jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano ta yi ta kuka a kan wannan, Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri da duka saboda irin wannan gwagwarmaya, amma matan Arewa ba su sami ƙuri'a ba sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976. Mazan da suka yi rajista a 1959 kuwa, yawancinsu ba su karatun boko, don haka aka ajiye wa kowace jam'iyya akwatinta da alamarta: fartanya ta NPC, tauraro na NEPU, zakara na NCNC, itacen kwakwa na AG.

To, da aka zo ƙidayar Mayu 1962, 'yan siyasa na kowane sashe sun riga sun waye. Wanda jiya ke ɓoye ɗansa, yau ana roƙonsa ya fito da kowa da kowa, har baƙon da ya kwana. Mutanen da ke ci rani a birane aka yi ta kiransu su koma garuruwansu a ƙirga su can. Da sakamako ya taru a hannun Baturen ƙidaya, J. J. Warren, sai aka ga Gabas da Yamma kowace ta ƙaru da wajen kashi 70 cikin 100 a shekara goma, Arewa kuwa da kamar kashi 30, ta tsaya a miliyan 22 da rabi. In an karɓi wannan, rinjayen Arewa ya tafi. Warren ya ce adadin waɗansu gundumomin Gabas ba zai yiwu ba. Aka koma bincike, sai ga Arewa ita ma ta gano mutum fiye da miliyan 8 da ta ce an tsallake. Ni dai a ganina babu sashen da zai wanke hannunsa daga wannan al'amari. Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ya soke ƙidayar a farkon 1963.

Aka sake a watan Nuwamba 1963, aka bayyana sakamako a Fabrairu 1964: miliyan 55.6. Arewa miliyan 29.8, Gabas 12.4, Yamma 10.3, sabuwar Jihar Tsakiyar Yamma 2.5, sauran na Ikko. Daga miliyan 30 zuwa 55 cikin shekara goma sha ɗaya, ko wanda bai yi nisa a lissafi ba ya san haihuwa kaɗai ba ta yin haka. Firimiyan Gabas, Michael Okpara, ya ƙi yarda, gwamnatinsa ta kai ƙara Kotun Ƙoli, kotu ta ce ba ta da hurumi. Aka sake raba kujeru, Arewa ta sami 167 cikin 312. Da wannan ɓacin rai aka shiga zaɓen Disamba 1964, wanda haɗin gwiwar UPGA ta ƙaurace wa. Ran 15 ga Janairu 1966 soja suka kifar da gwamnati, aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa. Ba ƙidaya kaɗai ta jawo wannan ba, amma tana cikin itacen da aka hura wutar da shi.

Abin da ya biyo baya ba ya bukatar dogon bayani. Ƙidayar 1973 ta ce miliyan 79.8, Janar Murtala Muhammad ya soke ta a 1975. Ta 1991 ta ce miliyan 88.9. Ta 2006 ta ce miliyan 140.4, ta ba Jihar Kano miliyan 9.4, Jihar Legas miliyan 9.1, gwamnatin Legas ta ce nata lissafin ya wuce miliyan 17. Harajin da ya haifi ƙidaya tun farko kuwa, gwamnonin PRP, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suka soke shi tare da jangali da suka hau mulki a 1979. Ai a lokacin kuɗin man fetur da ake rabowa daga tarayya ya riga ya shafe shi.

Akwai ƙasar da ta bi wata hanya. Malesiya ita ma Ingilishi suka mulke ta, ta sami 'yanci a 1957, kuma tun 1948 Turawa suka tilasta wa manya riƙe katin shaida. Su ma sun san darajar suna guda a rajista, gama a mazaɓar Wangsa Maju, cikin birnin Kuala Lumpur, ƙuri'a 150 ce ta raba mai nasara da na biyu a zaɓen 2008. A 2019 majalisarsu ta rage shekarun zaɓe daga 21 zuwa 18, ta kuma ce duk wanda ya kai a sa sunansa daga kundin katin shaida ba sai ya je ya nema ba. Masu rajista suka tashi daga kusan miliyan 15 a 2018 zuwa miliyan 21 a 2022.

A Nijeriya mutum shi ke kai kansa a ɗauki hotonsa da yatsunsa. A zaɓen 2023 hukumar INEC ta ce tana da sunaye miliyan 93.4, Legas miliyan 7, Kano miliyan 5.9, amma waɗanda suka fito ran zaɓen shugaban ƙasa ba su wuce wajen miliyan 25 ba. Ƙidayar da aka shirya yi a shekarar nan kuwa, gwamnatin Muhammadu Buhari ta ɗage ta ana saura 'yan kwanaki a fara.