Haɗejiya Tsakanin Tudu da Fadama

Ƙasar Haɗejiya shimfiɗaɗɗiya ce, ba dutse ba tsauni, sai jigayin rairayi da suka miƙe daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma, da kwaruruka a tsakaninsu. Ruwan kogin Kano da na Challawa, bayan sun haɗu sun wuce Wudil, a nan suke rasa gangara. Da kogin ya wuce garin Haɗejiya sai ya rarrabu: ga tsohon kogi, ga Burum Gana, ga Marma da ke zuba a tafkin Nguru.

Shi ya sa magabata suka riƙa kafa ƙauyuka a kan tudu. A yankin Guri da Kirikasamma za ka ga gidaje da rumbuna a cunkushe a sama, gero da dawa a jigawa, shinkafa a ƙasa cikin fadama. Ruwa na janyewa a shiga noman rani, alkama da tattasai da albasa, Fulani su sauko da shanu.

Hanya ma haka take bi. Ƙauyen da kake hangen bishiyoyinsa, sai ka yi dogon zagaye ta bayan tudu kafin ka isa. Daga Agusta zuwa Satumba kuwa, inda amalanke ya bi da rani kwalekwale ke bi, a ɗora babur a ciki, mai shi ya zauna yana riƙe da shi har a ƙetare. Ko layin dogon da ya isa Nguru a 1930 bai shiga fadamar ba. Ta arewa ya ratsa, ta Malam Madori da Birniwa, kasuwa ta bi shi can.

Dam ɗin Tiga na 1974 da na Challawa na 1992 sun sauya wannan tsari. Ruwa ya daina ɗaukewa da rani a wasu rassan, ciyawar kacala ta samu wurin zama ta toshe su, ta kuma zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki. Ruwan da ya rasa hanyarsa sai ya nufi gona da gari, matasa su kwana suna jera buhunan yashi a kan jinga.

A ganina, duk titin da za a yi a wannan ƙasa ba da isassun gadoji da kwalbatoci ba, datse ruwa kawai zai yi. Ya kamata hukuma ta fara da yashe rassan kogin, sannan kafin a ja layin hanya a zauna da masunta da dattawan ƙauye, don su suka san inda ruwa ke bi.