Kujeru Bakwai na Yamai da Ƙuri'ar Timiya

Manomin lambu a Timiya, can cikin duwatsun Abzin, bai taɓa jefa ƙuri'a domin zaɓen alƙali ba. Amma a jamhuriya ta biyar, ƙuri'ar da ya jefa wa shugaban ƙasa ko ɗan majalisa ba ta tabbata sai Kotun Tsarin Mulki ta Yamai ta amince da sakamakon.

Kundin tsarin mulki na 1999 ya ba kotun kujeru bakwai. Shugaban ƙasa yana gabatar da mutum ɗaya, shugabannin majalisar dokoki ɗaya. Sauran biyar kuwa daga takwarorinsu suke fitowa: alƙalai su zaɓi biyu, lauyoyi ɗaya, malaman shari'a na jami'a ɗaya, ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam su ba da ɗaya. Manufar ita ce kada mai mulki ya riƙe linzamin masu yi masa hukunci.

An ga amfanin haka a 2009, lokacin tazarce. Ranar 12 ga Yuni, kotun, bisa jagorancin Salifou Fatimata Bazeye, ta soke dokar da Shugaba Mamadou Tandja ya kira zaɓen raba gardama da ita. Ya rusa ta ranar 29 ga watan, aka yi zaɓen ranar 4 ga Agusta, soja suka kifar da shi ranar 18 ga Fabrairun 2010. Kundin 2010 ya maido da zaɓen takwarori, aka ci gaba da shi har juyin mulkin Yulin 2023 ya dakatar da kundin.