Daga Takarkari Zuwa Akori-kura: Tarihin Zaɓen Abin Ɗaukar Kaya a Kwarin Rima

A Amurka motocin akori-kura aji-aji ne. Kamfanin Ford na da F-150, da F-250, da F-350, kuma gardamar masu saye a can ba ta wuce tambaya ɗaya: shin mutum ya sayi babbar da za ta ja tirela mai nauyin fiye da tan goma sau 'yan kaɗan a shekara, ko ƙaramar da za ta kai shi aiki kullum ba tare da ta cinye masa aljihu ba? Manomi ko ɗan kasuwa a Wurno, Rabah da Goronyo ya san wannan tambaya tun kafin mota ta zo ƙasar, sai dai a nan ana maganar ɗauka ne fiye da ja.

Lokacin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗin Wurno wajen 1830, inda ya rasu a 1837, dabbobi uku ne ke ɗaukar kayan ƙasar. Jaki shi ne na yau da kullum: abincinsa ba wahala, yana kai taki gona da safe, ya kai hatsi kasuwa da rana, amma a doguwar tafiya ba a ɗora masa abin da ya wuce kilo 50 zuwa 60. Takarkari ya fi shi ɗauka, ya fi shi nawa, kuma idan ya tsufa akwai nama da fata. Raƙumi kuwa yakan ɗauki kayan jaki uku ko fiye, amma da tsada yake, kuma laka abokiyar gabarsa ce, don haka fadamar Rima da damina ba wurinsa ba ce. Sa'ad da Heinrich Barth ya sauka Wurno a 1853, zamanin Aliyu Babba, wannan tsari ne ya tarar. Abin lura shi ne yadda aka warware matsalar: magidanci yakan mallaki jakinsa, raƙumi kuma akasari a hannun Buzaye yake, ana biyansu lada idan babban kaya ya taso.

Zuwan Turawa bai sauya wannan da wuri ba, domin jirgin ƙasa da ya isa Kano a 1911 ya tsaya ne a Ƙaura Namoda a 1929, bai taɓa kaiwa Sakkwato ba. Zamanin da Ahmadu Bello ya zama Sarkin Rabah a 1934, gyaɗa da auduga da fatu sai sun yi tafiya mai nisa kafin su ga dogo. Babbar mota mai bodin katako ce ta cike wannan giɓi daga baya, ta gaji aikin raƙumi, ta kuma gaji ɗabi'arsa: 'yan kaɗan ke da ita, saura haya suke yi.

Akori-kura ta yi ƙarfi ne bayan kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975. Samfurin 404, sannan 504, sun dace da ƙauye ƙwarai. Kowane makanike ya san cikinsu, kayan gyara na nan a Sakkwato, kuma mota ɗaya na kai buhuna kasuwar Acida da safe, ta kai mai naƙuda asibiti da dare. Nauyin da aka ƙera su su ɗauka wajen tan ɗaya ne, wato kimanin manyan buhunan albasa goma. Direbobi ba su taɓa yarda da wannan ƙa'ida ba. Aka koyi ƙara ganyen sifirin a baya don motar ta daina durƙusawa, dabarar da ke ɗaga gindin mota amma ba ta ƙara wa birki ƙarfi ko kaɗan, kuma nan ne haɗarin yake a gangara.

Madatsar ruwan Goronyo, wadda aka kammala a 1984 aka ƙaddamar a 1992, mai cin ruwa kimanin kubik mita miliyan 942, ta ƙara nauyin tambayar. Noman rani ya bunƙasa, albasa da tafarnuwa da shinkafa da alkama suka yawaita, amma kayan duk kusan lokaci guda suke fitowa. Makonnin girbi na neman motar tan uku ko fiye, irin Mitsubishi Canter da ake kira kanta, sauran watanni kuwa ko Hilux ta yi yawa. Shi ya sa kasuwa ta rabu hawa-hawa: jaki da amalanken shanu na fito da kaya daga fadama inda taya ke nutsewa, akori-kura ta kai bakin kwalta, kanta ta tattara zuwa kasuwa, tirela ta nufi Legas ko Anaca. Ja na gaskiya, irin wanda Ba'amurke ke sayen F-350 dominsa, a nan aikin tarakta ne da shanun huɗa.

Ma'aikacin da ke zaune a Sakkwato yana noma a Wurno shi ne ya fi faɗawa tarkon. Yakan auna mota da ranar da ta fi kowace rana kaya, ya sayi babba, sannan ya shekara yana zuba mata mai don zuwa ofis. Tun cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 wannan kuskure ya ƙara tsada, gas kuma dama an daɗe da sakin farashinsa. Wanda ya sayi ƙarama ya ce za ta yi komai, shi kuma kuɗinsa na tafiya a sifirin da taya da kulochi. Matsalar tsaro da ta addabi gabashin Sakkwato ta ƙara wani lissafi, domin mota mai ɗaukar ido a hanyar ƙauye tana jawo wa mai ita abin da tsohuwar 504 ba ta jawowa. Da yawa daga manyan manoman yankin sun koma ga tsarin da Barth ya tarar: ƙaramar mota ko babur a gida, kanta kuma a kira ta daga tasha ranar da aka gama ɗinke buhuna.